Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Ajiyar Abin Sha a Zafin Gombe

A Faransa da Italiya akwai gidajen da uba kan sayi kwalbar giyar inabi a shekarar da aka haifa masa ɗa, ya sauke ta ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ba za a buɗe ta ba sai ranar auren yaron. A Gombe kuwa, matar da ta tace kunun aya da hantsi a watan Afrilu fargabarta ita ce kada la'asar ta yi ya juya. Duka biyun ruwa ne mai sukari a cikin mazubi, kuma ƙa'ida ɗaya ce ke aiki a kansu. To me ya sa ɗaya ke shekara ashirin yana ƙara tsada, ɗayan ko wuni ba ya kaiwa?

Tambayar ba ta masu shan giya ba ce kaɗai. Yawancin gidajen Jekadafari da Pantami da Bolari da Tudun Wada babu ruwansu da giya, amma da wuya ka shiga gidan da ba a ajiye zoɓo, ko kunun zaƙi, ko nono, ko jarkar tsimi. Wanda ya san abin da lokaci ke yi wa abin sha ya tsare jarinsa, ya tsare cikin 'ya'yansa, kuma in Musulmi ne ya tsare addininsa.

Hanyar da ruwa mai zaƙi ke bi

Duk ruwan da ke da sukari, da an sauke shi daga wuta ya huce, baƙi sun fara sauka. Akwai ƙananan halittun da ido ba ya gani a iska, a bawon 'ya'yan itace, a jikin ludayi da rariya da tafin hannu. Iri uku ne suka fi shafar abin sha.

Na farko yis ne, dangin wanda ke kumbura fanke da burodi. Abincinsa sukari, yana ci yana fitar da barasa da iska, kusan rabi da rabi. Wannan iskar ce ke sa gora ta kumbura ta yi tauri, in an murɗa murfi a ji huci. Masana haɗa giya sun ƙiyasta cewa kimanin giram 17 na sukari a lita guda ne ke ba da kashi 1 cikin 100 na barasa. Zoɓon da aka zuba wa sukari daidai da lemon kwalba, wato wajen giram 100 a lita, da yis zai cinye sukarin duka, barasarsa za ta kusa kashi 6 cikin 100, ƙarfin giyar kwalba ke nan. Ba a dare ɗaya hakan ke faruwa ba, amma can hanyar ta nufa.

Na biyu bakteriyar madara ce, wadda ke mai da sukari tsami ba tare da wata barasar kirki ba. Ita ce ke daskarar da kindirmo, ita ce ke ba gasara tsaminta na koko. Bafulatanar da ke ɗiga ragowar nonon jiya a madarar yau, irin wannan bakteriya take shukawa, domin ta riga miyagun cika ƙwarya. Tsamin da take samarwa kariya ne, don yawancin ƙwayoyin da ke sa gudawa ba sa jure shi.

Na uku bakteriyar khal ce. Ita barasar take ci, amma sai da iska. In aka bar abin da ya riga ya zama barasa a buɗe, sai ta mai da shi khal. Daga nan, in babu mai kula, fumfuna ta rufe sama, abu ya tashi daga sha ya koma juji.

Ke nan zaƙi ne a farko, sai barasa ko tsami, sai khal, sai ruɓa. Louis Pasteur, masanin Faransa, shi ya tabbatar wa duniya cewa halittu ne ke wannan aiki. Masu giyar ƙasarsa suna ta asara saboda kayansu na tsami a hanya, sai ya bi diddigin lamarin, ya fitar da littafi a kansa a 1866, inda ya nuna cewa ɗumama giya zuwa digiri 50 ko 60 na ɗan lokaci yana kashe masu ɓata ta. Dabarar da aka samo don giya ita ce yau ke tsare madarar kanti da lemon kwali a duniya baki ɗaya.

Yadda masu giyar inabi ke jan lokaci

Abin da Turawa ke kira tsufar giya ba wata hanya ba ce dabam. Tsayar da tafiyar ake yi a zango na biyu, a hana ta ƙarasawa khal, sannan a bar wasu sauye-sauye su gudana a hankali. Jan inabi yana da sinadari mai bauri a bawonsa da ƙwallonsa, irin baurin ɗanyen goro ko shayin da ya daɗe a buta. Da shekaru wannan bauri yana lafawa, launi ya tashi daga ja mai duhu ya koma ruwan ƙasa, ƙamshi ya sauya.

Sharuɗɗan ajiyar sanannu ne. Sanyi wajen digiri 12 zuwa 13, wanda ba ya hawa da sauka. Duhu, don hasken rana yana lalata ɗanɗano, shi ya sa kwalaben suke kore ko baƙi-baƙi. Laima a iska kusan kashi 70 cikin 100. Sannan a kwantar da kwalba a gefenta, domin toshiyarta ta ɓawon itace ce, wanda kusan rabinsa a duniya daga Fotugal yake fitowa. In ruwan bai taɓa ta ba sai ta bushe ta tsuke, iska ta samu ƙofa. A birnin Reims na Faransa akwai ramukan farar ƙasa masu zurfin da ya kai mita 30, inda sanyi ke tsaye tsakanin digiri 10 da 12 rani da damina, ba injin ba lantarki. A 2010 masu ninƙaya sun tsamo kwalabe 168 daga wani jirgin da ya nutse a tekun Baltik, bayan kimanin shekara 170 a ƙasan ruwa, kuma aka samu wasu ba su lalace ba. Sanyi da duhu da rashin motsi ne suka riƙe su.

Ko a can ɗin, mafi yawan giyar da ake sayarwa ba don ajiya aka yi ta ba. Kaɗan ce ke da bauri da tsami ko sukarin da za ta jure shekaru. Sauran tsufa kawai take yi ta mutu. Wannan ya kamata masu adana kwalaben ruwan inabi marasa barasa, irin waɗanda ake rabawa a dina da walima, su ji. Wannan ruwan 'ya'yan itace ne da aka ɗumama aka rufe. Jera shi a saman kabad shekara biyu ba ya ƙara masa komai sai dusashewar launi, kuma ranar ƙarewar da aka buga a jikinsa ita ce hukuncinsa.

Abin da zafin Gombe ke yi

Masana sinadarai suna da ƙiyasin da ke kusa da daidai: duk ƙarin digiri 10 na zafi yana ninka saurin sauyin abu sau biyu. Daga digiri 13 zuwa 33 ninki huɗu ke nan, zuwa 43 ninki takwas. A Gombe, daga Maris zuwa farkon Mayu, zafin rana yana taɓa digiri 40, ɗakin kwano marar silin kuma ya wuce haka. Su kuwa yis da bakteriya, tsakanin digiri 30 da 37 ne suka fi walwala, wasunsu suna ninka yawansu cikin ƙasa da sa'a guda. Yanayin da ke galabaitar da mu, su shi ne kakarsu.

Wani zai ce to a haƙa rami kamar na Faransa. Ba zai yi ba. Zafin da ke can ƙasa, mita kaɗan daga sama, yana daidaita ne da matsakaicin zafin garin na shekara. A arewacin Faransa wannan matsakaici bai fi digiri 11 ko 12 ba, shi ya sa raminsu ya zama firji na kyauta. A Gombe wajen digiri 25 zuwa 27 ne. Rami zai kare abu daga tsananin azahar, amma ba zai ba da sanyin da ba shi da shi ba. Mutanen Jojiya da ke binne manyan tuluna a ƙasa suna haɗa giya a ciki, al'adar da ta samo asali tun kusan shekara 8,000, ƙasarsu ce ta ba su wannan dama.

Wannan ne ya sa ko a inda ake dafa giyar gargajiya a jihar, kamar wasu garuruwan kudanci wajen Billiri da Kaltungo, ba a san ajiyar shekaru ba. Burkutu kwanaki ake ɗauka ana tsirar da dawa, a niƙa, a dafa, a bari ya tashi, amma da ya nuna kwana biyu ko uku ne ransa, daga nan ya zama tsami. Bammi ma haka: da safe zaƙi, da yamma ƙarfi, washegari ya kama hanyar khal. Hatta inabin da ake nomawa a Hunkuyi kusa da Zariya na ci ne, ɗanye ake kai shi kasuwa. Yanayinmu bai taɓa yarda da ajiye ruwa mai zaƙi ba, ko na halal ko na haram.

Iyakar da shari'a ta shata

Hijaz ma ƙasar zafi ce, don haka wannan matsala ta zo a hadisi filla-filla. Larabawa suna jiƙa dabino ko zabibi a ruwa don ya yi zaƙi, abin da ake kira nabizi. A cikin Sahihu Muslim, Nana A'isha ta ba da labarin cewa sukan jiƙa wa Manzon Allah (SAW) da safe ya sha da dare, su jiƙa da dare ya sha da safe. Ruwayar Ibn Abbas kuma ta nuna yakan sha har yammacin rana ta uku, abin da ya rage a bai wa wani ya shanye nan take ko a zubar. Malamai da yawa sun fahimci cewa ba ƙidayar kwanakin ce ainihin hukuncin ba, tashi da sa maye ne. Kwana ukun alama ce ta lokacin da aka saba ganin abin ya fara juyawa.

Har mazubi an yi magana a kansa. An hana tawagar Abdul Ƙaisi yin jiƙo a cikin gora, da tulu mai sheƙi, da kututturen dabinon da aka rarake, da mazubin da aka shafe da kwalta. Malamai sun bayyana dalili: waɗannan suna hanzarta tashi, kuma mai su ba ya ankara, saɓanin salka ta fata. Jumhuru sun ce daga baya an ɗage hanin, aka bar sharaɗin kada a sha mai sa maye, amma mazhabar Malikiyya ta ci gaba da ƙin jiƙo a gora da mai kwalta. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya wuce ta wannan wuri, tare da hanin haɗa iri biyu a jiƙo guda, kamar dabino da zabibi. Mun karanta shi a matsayin labarin Larabawan da, alhali jarkar roba mai murfin murɗawa ta fi gorar duma toshe iska da ɓoye abin da ke gudana a cikinta.

Game da khal, malamai sun haɗu a kan cewa giyar da ta juye khal da kanta ta halatta, kuma khal abu ne da Annabi (SAW) ya yaba a matsayin mahaɗin abinci. Inda aka yi saɓani shi ne mutum ya riƙe giya da gangan don ya mai da ita khal, saboda hadisin Abu Ɗalha da aka umarce shi ya zubar da ta marayun da ke hannunsa. Abin lura ga uwar gida shi ne tsami da maye ba abu ɗaya ba ne. Kindirmo mai tsami da kokon gasara ba giya ba ne. Zoɓon da ya kwana uku a ɗaki, yana kumfa, yana cizon harshe, yana warin da ba nasa ba, wannan ne abin tuhuma.

Dabarar kakanni: a ajiye busasshe

In aka duba abin da gidan Bahaushe da na Bafulatani suka saba adanawa, za a ga duk an raba shi da ruwa. Zoɓo busasshen fure ake ajiyewa a buhu, ya shekara. Tsamiya a dunƙule, aya a bushe, gero a rumbu, citta da kanumfari a ƙulle. Man shanu sai an soya shi ruwan ya ƙone kafin a zuba a kwalba, shi ya sa yake watanni. Daddawa kwana biyu ko uku ake barin kalwa ta ruɓa bisa tsari, sannan a daka a shanya. Fura a dunƙule take jira, ba a dama ta sai mai sha ya zauna.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma kimiyya ta ba su gaskiya da sharaɗi. Zumar da ta nuna a saƙarta ruwanta bai wuce kashi 18 cikin 100 ba, sukarinta ya yi yawan da yis ba ya iya motsi a ciki. Irin wannan tana shekaru, in ta daskare ta yi tsaki-tsaki ma ba lalacewa ba ce. Amma wadda aka cire ba ta nuna ba, ko aka sirka ta da ruwa, ko aka bar ta a buɗe da damina ta sha laima, sai ta yi kumfa ta tashi kamar kowane jiƙo. Tsufan ba shi ne ya gyara zumar ba. Rashin ruwa ne ya bar ta ta tsufa.

Sanyin da muka gada shi ne na randa, wadda ke zufa ta jikinta iska na busarwa. Mohammed Bah Abba, wani malami a Jigawa, ya faɗaɗa wannan da tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani da jiƙaƙƙen tsumma a sama, har ya samu kyautar Rolex a 2000. Tana aiki sosai da rani in iska ta bushe, ta ƙara wa tumatir da gauta kwanaki. Da damina ƙarfinta yana raguwa, kuma ko a ranar da ta fi kyau ba ta sauka digiri 5 da ake buƙata kafin ƙwayoyin nan su lafa. Tana jinkirta tsamin kunu, ba ta hana shi.

Gorar roba da firjin da ke jiran wuta

Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne abin sha ya zama sana'a. Mata da yawa a unguwannin Gombe da zoɓo da kunun aya suke biyan kuɗin makaranta, ana ɗurawa a gorunan ruwa da na lemo da aka riga aka sha, a kai tasha da bakin kasuwa da ƙofar makarantu. An koma ajiye jiƙaƙƙe, an dogara da firiza. Ita kuma firiza da wuta take aiki. Duk da tashar lantarki mai megawat 40 da ke madatsar Dadin Kowa, wutar gari a babban layin ƙasa take rataye. A Afrilun 2024 da aka lalata turakun layin Jos zuwa Gombe, yankin ya yi makonni cikin duhu, a tsakiyar zafi.

Hatsarin ba a ɗaukewar wuta kaɗai yake ba, yana cikin zuwa da komawarta. Sanyi ba ya kashe ƙwayoyin, kwantar da su kawai yake yi. Gorar da ta daskare ta narke ta sake daskarewa, a kowane narkewa sun ci gaba daga inda suka tsaya, amma mai saye sanyi zai ji a hannu ya ɗauka sabuwa ce.

Abubuwan shan ma ba ƙarfinsu ɗaya ba. Zoɓo an tafasa shi, kuma yana da tsami na asali, don haka ya fi juriya, sai dai in an markaɗa masa ɗanyar abarba ko kankana bayan ya huce, wanda hakan zuba masa yis ne da hannu. Kunun zaƙi yana tsakiya. Kunun aya shi ne mafi rauni: ba a dafa shi, ba shi da tsami, ga maiƙo ga sukarin dabino, sa'o'i kaɗan ne ransa in babu ƙanƙara. Masu neman tsawaita kwanan kaya da hodar kasuwa marar suna kuma su tuna da Kano a 2021, lokacin da wani sinadari da aka sayar a matsayin ɗan tsami ya kwantar da ɗaruruwan mutane a asibiti, wasu suka rasa rayukansu.

Sai tsimi, wanda shi ne kaɗai abin sha na gida da ake ajiyewa da gangan bisa imanin cewa daɗewa na ƙara masa ƙarfi. Na sassaƙe da saiwa zalla, mai ɗaci, babu sukarin da yis zai ci, ko da yake fumfuna na iya kama shi. Amma wanda ake dafawa da rake da dabino da mazarƙwaila, a ɗura a jarka a tura ƙarƙashin gado mako biyu, ya cika dukkan sharuɗɗan tashi. Ƙarfin da ake ji ya ƙaru a ciki, sau da yawa ba na magani ba ne. Mai sayarwa da mai saye duk ba su yi nufin haka ba, sai dai yis ba ya tambayar niyya.

Abin da ya rage wa mai gida

A ƙasar zafi lokaci ba ya gyara ruwa mai zaƙi. Abin da ake so ya daɗe a ajiye shi busasshe, a rufe, nesa da rana. Abin da aka jiƙa a yi daidai na sha ko na cinikin ranar. A wanke gora da ruwan zafi da sabulu har cikin murfi, don a zaren murfin ne tsohon yis ke maƙalewa. Zoɓon da ake so ya kwana a tafasa shi tare da duk kayan haɗinsa, a zuba sukari tun yana kan wuta, a rufe da zafinsa. Tsimi mai zaƙi a dafa kaɗan-kaɗan, ragowar kayan su zauna a bushe. Gorar da ta kumbura, ko ta yi huci, ko ta yi yauƙi, a zubar, kada a ƙara mata sukari a mayar kasuwa. Mai sana'ar da ta rubuta ranar da ta yi kayanta a jikin gora, ko da da alƙalamin maka ne, ta taimaki mai saye, ta kuma taimaki kanta, don cikin wata guda za ta gane adadin da take sayarwa a wuni ta daina dama fiye da shi.